Igiyar Gugan Inna Hajo

Ranar Litinin da hantsi Hamida ta sauka a Unguwar Sulle, wani ƙauye a ƙasar Falgore ta Rogo, da farar hular kwano a kan hijabinta da takalman aiki masu nauyin tsiya. Murna ce fal cikinta, amma ta ɗaure fuska tamau. Shekararta uku a kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse a Kano, kuma duk shekarun nan a gaban kwamfuta ta yi su, tana zana wa maza abin da suka je daji suka auno. Yau ne karon farko da aka ce mata aikin nata ne. Shi ma ɗin don babban injiniyansu, Zulkifilu, ya maƙale ne a wani aikin.

"Ba wani abu mai wuya ba ne," in ji shi da zai sallame ta. "Mun auna, mun kafa fegi. Ke dai ki tsaya a kan fegin har motar haƙa ta gama ranar Alhamis."

Mutanen Unguwar Sulle sun sha wuyar ruwa har sun gaji da ba da labarinta. Sau biyu ana haƙa musu, sau biyu ana tashi da ƙura zalla. Bututun na farko yanzu akuya ake ɗaurewa a jikinsa. 'Yan garin mazauna birni ne suka yi ta faɗi-tashi har suka samo wannan ta ukun, kuma an gaya wa kowa ƙarara cewa daga ita babu wata.

Hamida ta san fegin, wato icen da ke nuna inda za a haƙa, tun kafin ta gan shi, don ita ta zana awon wurin a ofis. Zanen bai kwanta mata ba ko kaɗan. Dutse ne a kusa, mita tara kacal, kuma babu alamar tsaga a jikinsa inda ruwa zai kwanta. A taron ofis har ta buɗe baki, sai ta dubi mazan nan shida ta mayar ta rufe. Ta ce a ranta, wataƙila ni ce ban gane ba. Ta daɗe da lura cewa idan namiji ya haƙa bai sami ruwa ba, sai a ce ƙasar wurin ce mai taurin kai. Idan kuwa ita ce, magana ɗaya za a yi, a ce ai mace aka tura. Saboda haka ta koya wa kanta bin sawun da wani ya riga ya taka. Ta kuma yi wa kanta alkawari tun a mota: ba za ta yi dariya a wurin aiki ba, kuma ko za ta mutu da yunwa ba za a gan ta ta shige cikin gida wajen mata ba, kada a ce Injiniya ta tafi hira.

Suna tsaye a filin makaranta, ita da mai unguwa Sulle da dattawansa da Liti, shugaban masu haƙa, wanda ya zo duba hanyar da motarsa za ta bi, sai ga wata tsohuwa ta fito daga wani zaure tana gyara mayafi. 'Yar ƙarama ce, amma da ganin tafiyarta ka san ba a saba hana ta magana ba.

"Sannunku da aiki. Sannu 'yata, an zo lafiya? Ya hanya? Ke ce mai ruwan?"

"Lafiya ƙalau, Inna. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ni ce Hajo. To 'yata, wannan wuri da kuka soka icen nan, ko da damina gyaɗa ba ta yi a nan. Ki shigo gidana ki ga rijiyata tukuna."

Liti ya tuntsire da dariya, ya ce, "To Malama, kin sami abokiyar aiki. Sai ku shiga daga ciki ku auna mana a bakin murhu."

Dattawa suka murmusa. Hamida ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. Ta gyara tsayuwa, ta sa muryar nan da ta ara wajen mazan ofis, ta ce, "Inna, wannan aikin na'ura ne, ba na hira ba."

Hajo ta dube ta daga hula har takalmi. "To," in ji ta, "Allah ya ba na'ura sa'a." Ta juya abinta.

Washegari buta ce ta karya wa Hamida alkawari. Azahar ta yi, maza duk sun tafi masallaci, jarkar da ke mota kuwa direba ya juye ta a injin. Rana ce irin ta tsakiyar bazara, ko kaza ba ta yawo. Ta waiga gabas ta waiga yamma, ta ga babu mai ganinta, ta yi wuf ta faɗa zauren da ya fi kusa, wanda aka rubuta "Ba shiga" a goshinsa da gawayi. Sai da ta yi sallama ta ɗaga kai ta gane gidan wa ta faɗo.

Tsakar gidan cike yake da mata da bokitai, sun yi layi a bakin wata 'yar rijiya. Hajo tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.

"Maraba da na'ura," in ji ta. "Ikilima, ba ta guga."

Ikilima, matar jikan Hajo, ta miƙo gugan tana danne dariya. Hamida ta karɓa. 'Yar Yammedi ce ta ƙasar Ƙaraye, da guga ta girma, ba sai an koya mata ba. Ta zura, ta ji ya nutse, ta fara ja. Ja ɗaya, biyu, uku, kafin ta ankara guga ya iso baki yana tsiyaya.

Ta tsaya riƙe da shi. Hannunta ne ya fara jin abin kafin kanta. A gidansu, igiyar bazara doguwa ce, kuma cike take da ƙulli, don duk shekarar da ruwa ya ƙara yin ƙasa sai mahaifiyarta ta ƙulla wani guntu, wani na rama, wani gefen tsohon zane. Tafin hannunta yana ta jiran ƙulli ya goge shi, ƙulli bai zo ba. Wannan igiya sumul take daga farko har ƙarshe, kuma gajera.

"Inna, yaushe aka sayi igiyar nan?"

"Igiya kam ana sakewa in ta ruɓe. Amma tsawonta tun ina amarya gaba biyar ne, har yau gaba biyar."

"Ba ta taɓa ƙafewa ba?"

"Rijiyar? Har shekarar da shanu suka yi ta faɗuwa ba ta ƙafe ba."

Hamida ta juya ga matan da ke layi. "Ku fa? Naku rijiyoyin?"

Nan fa kowa ta ɗauka a lokaci guda. Wannan ta ce tata gaba goma sha biyu ce kuma tun watan jiya sai laka. Waccan ta ce igiyarta ƙulli bakwai, har da igiyar gidan sauro a ciki. Wata ta ce ai gidan Sabuwa ma ba sa ƙarin igiya, ga shi kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan Hajo.

Gaban Hamida ya shiga bugawa, irin bugun da ta manta da shi tun tana ɗaliba. Ta yi alwala, ta yi sallarta, tana sallamewa ta zo ta durƙusa gaban Hajo har ƙasa.

"Inna, jiya na yi miki rashin kunya. Ki yafe mini."

"Ba ni kika ji wa kunya ba, Liti kika ji wa tsoro," in ji Hajo, ba ta fasa ɓarar gyaɗarta ba. "Tashi. Me kike so?"

"Igiyoyi nake so. Duk igiyar gugan da ke garin nan."

Ba ta ma sake fita titi ba. Gidajen Unguwar Sulle suna da 'yan ƙofofi a tsakaninsu waɗanda mata ke bi, sai ka ratsa rabin gari namiji bai gan ka ba. Ikilima a gaba, Hamida a baya, mata na ƙaruwa a bayansu kamar masu rakiyar amarya. Duk gidan da suka shiga sai ta zaro igiya ta ware hannuwa tana aunawa, don ta san gabanta mita ɗaya da rabi ne da ɗan ɗoriya. Ta ƙirga ƙulli, ta tambayi watan da ruwa ke yankewa, ta ɗiga alama a bayan takardar taswirar garin. Hular kwano tun a gida na uku ta zame, wata mata ta riƙe mata ita kamar ƙwarya. Dariya kuwa ta yi ta har ta gode Allah, musamman da aka nuna mata igiyar da aka ƙarasa da mazagin wandon maigida.

Kafin La'asar ta auna igiya goma sha bakwai. Ta zauna a kan turmi ta dubi takardar, sai ta ji tsikar jikinta ta tashi. Goma sha biyu masu ƙulli sun warwatsu ko'ina. Biyar ɗin da ba su da ƙulli kuwa sun jeru a layi ɗaya miƙe, daga gidan Sabuwa zuwa na Hajo, su ratsa gida uku, su nufi masussukar da ke bayan gari inda wani ɓaure ke tsaye kore shar a tsakiyar rani.

"Tsaga ce!" ta faɗa da ƙarfi. "Dutsen da ke ƙarƙashinku ya tsage, ruwan a cikin tsagar yake kwance. Ga ta nan, ta bi ta ƙarƙashin ɗakunanku!"

"To su masu na'urar me ya hana su gani?" in ji Ikilima.

Hamida ta buɗe baki za ta amsa, sai dariya ta ƙwace mata. Awon ƙasa da doguwar waya ake yinsa, a shimfiɗa ta miƙe a kafa ƙarafa. Mazan da suka zo sun ja wayarsu a bakin titi da filin makaranta, iya inda namiji baƙo zai iya takawa ke nan. Ruwan yana bayan "Ba shiga". A duk kamfanin mutum ɗaya ce za ta iya wuce rubutun nan, ita ce kuma ta rantse ba za ta wuce ba.

Na'urar awon ƙasar tana bayan motarsu, an ba su ne su sauke ta a Ƙaraye a hanyar komawa. Da safiyar Laraba Hamida ta je ta gaida mai unguwa, ta nemi izinin jan waya ta cikin gidaje. Ya shafa gemu ya ce, "Cikin gida ai naku ne. Ni dai kada a rushe wa kowa katanga."

Ba a taɓa awo irin na ranar nan ba. Waya ta haura katanga, ta bi ta rariya, ta wuce ƙarƙashin rumbu, ta gifta akurkin kaji. Da tabarya aka buga ƙarafan. Ƙasa ta bushe ƙamas, sai Hamida ta ce a jiƙa gindin kowane ƙarfe da ruwan gishiri, Hajo ta ce a rubuta cewa na'ura ta sha mata gishirin miya. Hamida na zaune a masussuka da akwatin na'urar a cinya, in ta ce a matsa, sai saƙon ya bi baki-baki ta kan katangu: "Ta ce a matsa! Sabuwa, ta ce a matsa gaba uku! Kowa ta saki ƙarfe, za ta danna!" Maza suna ƙofar gida suna jin ihu da shewa, ba su san me ake ciki ba.

Lambobin suna fitowa tana ɗigawa. Layin zanen ya hau kamar zai nuna dutse, can wajen mita talatin da biyar sai ya karyo ƙasa. Ta sake aunawa. Ya sake karyowa a wuri ɗaya.

Sai ta haura kan tudun makaranta, inda waya ke kamawa, ta kira Zulkifilu. Bayan gaisuwa ta zayyana masa komai, har da igiyoyin. Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda babba ke yi wa ƙanwarsa.

"Igiyar guga, Hamida? Kada ki bari matan ƙauye su ruɗa ki. Awon naki wa ya riƙe miki waya?"

"Su."

"To kin gani. Ni ban ga zanenki ba, ba zan ce miki e ko a'a ba. Amma ki sani, in kin bar fegi inda yake aka sami ƙura, laifin kamfani ne. In kin matsar da shi aka sami ƙura, sunanki ne a takarda. Shawara nake ba ki, don ke ce mace ta farko da muka tura."

Ta sauke wayar ta tsaya a gaban fegin. Jan fenti ne a kansa, ga shi nan ɗan guntun ice, amma ji take kamar ya fi ta nauyi. Gaskiya ya faɗa. In ta bar shi, ko an tashi da ƙura ba mai ɗaga mata yatsa, za ta koma ofis da mutuncinta, matan nan kuma su koma layi a gidan Hajo har illa ma sha Allahu. Tsohuwar muryar nan ta taso mata: wataƙila ni ce ban gane ba. Ta buɗe takardar ta sake duba lambobin ɗaya bayan ɗaya, tana neman kuskuren. Ta tambayi kanta, da Zulkifilu ne ya kawo mini wannan zane, me zan ce? Amsar ba ta ɗau lokaci ba. Cewa za ta yi, Oga, wannan wuri akwai ruwa.

Ta sunkuya ta girgiza fegin ta tumɓuke shi. Ta saɓa shi a kafaɗa ta bi ta tsakiyar gari, ta gaban masallaci, ta gaban teburin mai shayi inda Liti ke zaune.

"Malama! Ina za ki da fegin Oga?"

"Fegina ne, Malam Liti. Gobe ka kai motarka masussuka."

Ranar Alhamis gari ya tashi kaf. Motar haƙa ta shigo tana gurnani, ta kafa ƙafafunta a gindin ɓaure, ta ɗaga doguwar hasumiyarta. Maza da yara suka kewaye ta. Mata ba su fito ba, amma duk katangar da ke kallon masussuka ta tsiro da kawuna, kowa ta taka turmi. Liti ya yi bisimilla ya ja ƙarfe.

Mita goma na farko jar ƙasa ce. Daga nan aka shiga dutse, ƙara ta sauya, farar ƙura ta turnuƙe har ta mayar da gemun mai unguwa fari fat. Mita ashirin, ƙura. Mita talatin, ƙura. Duk bututun da aka ƙara sai Hamida ta ɗebi garin dutsen ta murza a tafin hannu, ya zube kamar garin masara. Wani dattijo ya ce, a inda za ta ji, "Irin ƙurar wancan karon ce sak." A mita talatin da biyar babu abin da ya canza.

Liti ya rage wuta ya matso. Wannan karon babu dariya a fuskarsa. "Malama, mun kai inda kika ce."

"Awo ba ya faɗin mita daidai-wa-daida. Ƙara bututu biyu."

"In babu fa?"

"In babu ni na ce a haƙa a nan, kowa ya ji. Ƙara."

Ya dube ta, ya koma ya ja ƙarfe. Bututu ɗaya ya shige. Na biyu ya kai rabi, sai injin ya yi wata irin shaƙewa, bututun ya zurma da kansa kusan kamu biyu kamar an janye masa ƙasa. Ƙurar ta yi duhu. Hamida ta tara hannu, abin da ya faɗo mata ya manne a tafinta, sanyi ƙalau.

"Laka!" ta ƙwala ihu, ta manta da duk wata murya ta aro. "Liti, laka ce! Ba shi iska!"

Ya ba shi iska. Ramin ya yi tari sau biyu, sannan ruwa ya yi tsiri sama har ya wuce kan motar, ja da fari, ya dawo ya sauka a kan kowa. Maza suka ɗau kabbara. Daga kan katangar Sabuwa guɗa ta tashi, ta Hajo ta karɓa, ta bi gida-gida har ƙarshen gari, daidai hanyar da waya ta bi jiya. Mai unguwa yana tsaye ruwa na wanke masa gemu, yana ta faɗin alhamdu lillahi, hawaye yake ko ruwan ne oho. Hamida ta jiƙe sharkaf, tana tsalle da takalman nan masu nauyi, tana dariya baki har kunne a gaban mazan duniya.

Liti ne ya kira Zulkifilu daga kan motar, inda waya ta kama, ya yi ta ihu a ciki, sannan ya miƙo mata.

"Barka, Hamida, barka!" in ji Zulkifilu, da jin muryarsa murnar gaske yake. "Kai, amma kin taki sa'a!"

"E wallahi, Oga, sa'a ce kaw..." Kalmar da ta saba ce, har ta kusa fita duka. Ta dubi kawunan da ke kan katanga, ta haɗiye sauran. "A'a, Oga. Allah ne Ya ba da ruwa, amma aunawa muka yi. Igiya goma sha bakwai da awo biyu. Zan kawo maka zanen, kuma ina so a sa shi a rahoto yadda yake, da sunayen waɗanda suka riƙe waya."

Ya ce, "To, Injiniya. Kawo mu gani."

Ta mayar wa Liti wayarsa. Yana share laka daga fuska ya ce, "Sati mai zuwa muna da wani aikin a wajen Daura ta Ƙaraye. In ke za a turo, don Allah ki fara shiga gidajen kafin in sauke kaya."

Kafin ta amsa sai ga Hajo a bakin zaurenta, hannu a ƙugu.

"Ke mai na'ura! Kwana huɗu kina garin nan ban ga kin sa loma a baki ba. Ga dambu can yana hucewa. Ko shi ma hira ce?"

Maza suka fashe da dariya, har da mai unguwa. Hamida ta cire hular kwano ta danƙa wa Liti.

"Riƙe mini, Malam Liti. In ruwan ya washe ka aiko a kira ni, ina ciki wajen mata."

Ta ratsa taron tana ɗigar ruwa, ta wuce ƙarƙashin rubutun gawayin nan da rana tsaka, kowa na kallo. Sai a lokacin ta ji irin yunwar da take ji.